Labarin da Yaya Lawali bai ƙarasa ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Lawali. A shekarun da suka gabata, duk sanda watan rasuwarsa ya kewayo, abin da nake yi bai wuce in dafa abinci in aika masallacin unguwa sadaka, in kira matarsa mu yi kukanmu mu yi masa addu'a ba. Ban taɓa tunanin rubutu a jarida ba. Shi ne marubucin gidanmu, ni malamar firamare ce a Gusau. Bana dai na kasa yin shiru, domin sunansa ya sake shiga bakin mutane ta hanyar da ban so ba, kuma akwai bawan Allah da har yau ba ya kwana a gidansa saboda wani labari da aka ce Yaya ne ya rubuta.

Waɗanda suka saba kunna rediyo da yamma a wancan lokacin za su tuna wasannin kwaikwayonsa. A Bilbis aka haife mu, shi kuma ya zauna a Tsafe yana koyar da Hausa a sakandare. Duk mako zai shiga mota zuwa Gusau ya kai rubutun wasa gidan rediyo, ya biyo ta gidana ya ci tuwo, ya koma.

Yadda yake tsara labari ne ba kowa ya sani ba. A ɗakin zaurensa yakan ɗauki alli ya zana garin labarin a kan siminti: ga kasuwa, ga rijiya, ga masallaci, ga gareji, can gefe ga bakin daji. Mutanen labarin kuma murafun kwalba ne, kowa da nasa. Sai ya tura murfi ɗaya daga kasuwa zuwa rijiya, ya zauna ya zuba masa ido kamar mai jiran amsa. Wani lokaci murfin zai kwana a nan har sati bai rubuta komai ba. Matarsa ba ta da izinin share ɗakin. Na taɓa shiga da sauri na yi fatali da wani murfi ban sani ba, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Hajara, kin kai mai gari ƙofar gidan bazawara. To zauna ki faɗa mini abin da ya je yi."

Mutanen labaransa ba daga sama yake samo su ba. Duk ɗan Tsafe ya san cewa Na-Allah, bakaniken nan mai ɗingishi da ke cikin wasannin, wanda ba ya buɗe baki sai ya ce babur ba ya ƙarya, Dahiru ne. Dahiru abokin Yaya ne tun suna yara a Bilbis, yana da garejin gyaran babura kusa da tashar Tsafe, kuma ƙafarsa ta hagu ta shanye tun yana ƙarami. Bai taɓa jin haushi ba. Har ya kai idan aka kira shi Dahiru ba ya waiwayowa da sauri kamar idan aka ce Na-Allah.

Wasan ƙarshe da Yaya ya fara, a kan abin da ya same mu ne. Lokacin 'yan bindiga sun fara shiga ƙauyukan da muka taso a ciki, ana kora shanu, ana ɗaukar mutane a gona. Ya rubuta kashi da dama, sai kawai ya tsaya. Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, ina jinyarsa a Gusau, na tambaye shi dalili. Ya ce labarin ya kai inda dole a samu wani ɗan gari da yake kai wa mutanen daji fetur da labari, domin haka abin yake a zahiri. "Amma duk wanda na ɗora wa," in ji shi, "gobe da safe za a samo mai kama da shi a kasuwar Tsafe." Haka ya bar wasan har Allah Ya karɓi abinsa.

Babbar 'yarsa Rukayya a hannuna ta ƙarasa girma. Ta karanci kwamfuta, yanzu tana aikin haɗa bidiyo da zanen talla a nan Gusau. Bara da rani ta dawo gida tana ɗoki, ta ce, "Gwaggo, zo ki ga abin da Baba zai so." Ta buɗe kwamfutarta ta nuna mini wata manhaja daga cikin waɗannan da ake cewa suna aiki da ƙirƙirarriyar basira. Za ka zuba mata rubutaccen labari, sai ta shimfiɗa maka taswirar garin a fuskar kwamfuta, ta jera mutanen labarin a ƙananan hotuna masu kewaye. Idan ka sa yatsa ka ja mutum daga wani wuri zuwa wani, rubutun da ke gefe sai ya canza da kansa, ta rubuta abin da ya kai shi can da abin da ya faɗa. Idan ka ja layi tsakanin mutum biyu ka ce gaba ce ko soyayya, nan take ta ƙulla musu. Ina gani na fashe da kuka, domin simintin zauren Yaya na gani.

Rukayya ta zuba mata duk rubutun mahaifinta da ke cikin tsohuwar kwamfutarsa, ta ce za ta ƙarasa wasan nan don tunawa da shi. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin kwanakin nan. Bayan la'asar za mu zauna a tabarma, ta ja tsohuwa mai ƙosai zuwa bakin rijiya, sai ga gulma ta zubo a rubuce, da irin zolayar Yaya, har in riƙa jin kamar muryarsa. Na'urar tana kuskure. Ta taɓa saka mana kwalekwale a rafin da ko a damina ba ya kai gwiwa, kuma takan sa mutanen ƙauyenmu su yi magana kamar 'yan birnin Kano. Ni in gyara zancen, Rukayya ta gyara hoton, ita kuma ta ɗora daga inda muka tsaya. Aiki ne na mu uku, kuma yana tafiya da saurin da ya riƙa ba ni mamaki.

Ranar da Rukayya ta kai inda mahaifinta ya tsaya, ina makaranta. Daga baya ta ba ni labari. Ta ja mai kanti zuwa bakin daji, ta karanta abin da ya fito, bai yi mata ba. Ta ja ɗan mai gari, shi ma haka. Sai ta ja Na-Allah. Nan na'urar ta samu abin kamawa: bakanike ne, yana da fetur, yana da babura, ya san hanyoyi. Ta rubuta yadda yake ɗaure jarkoki a bayan babur, yadda yake ɗingisawa cikin ciyawa, har da maganar nan tasa ta babur ba ya ƙarya, yana faɗa wa ɗan bindiga. Rubutun ya tsaru ƙwarai. Rukayya ta danna wani wuri, manhajar ta mayar da shi hotuna masu motsi da murya, ta tura wa ƙawayenta biyu don su ba ta shawara. A saman bidiyon akwai sunan mahaifinta, kamar yadda yake a kan kowane shafi na wasan.

Ɗaya daga cikin ƙawayen ta tura wa yayanta. Daga nan ba mu san hanyar da ya bi ba. Kafin mu farga bidiyon ya shiga wayoyin Tsafe, wani kuma ya ƙara rubutu a kai cewa marigayi Malam Lawali ya tona asiri kafin ya rasu, shi ya sa aka ɓoye wasan.

Mu ba mu san wannan ba sai da wata safiya yaro ya shigo ya ce ana sallama da ni. Maigidana ya fita, ya dawo ya ce in yafa mayafi in fito, Dahiru ne. Na same shi tsugune a jikin bango, ya ƙi hawa tabarmar da aka shimfiɗa masa. Mutumin da ban taɓa gani ba ya dariya ba, ranar leɓensa a bushe. Muka gaisa, sannan ya ce, "Hajara, don girman Allah ki gaya min gaskiya. Lawali ne ya rubuta wanga abu?"

Ya miƙo mini wayarsa. Ban kai rabin bidiyon ba na gane daga gidana ya fito.

Ya ce masu kawo gyara sun ɗauke ƙafa. An ce wa ɗansa kada ya ƙara fitowa gadin unguwa. Wasu samari biyu sun zo gareji sun tambaye shi jarka nawa gare shi, suka leƙa ko'ina, suka tafi ba sallama. Duk wanda ya zauna a yankinmu ya san abin da ke biyo bayan irin wannan tambaya. Mun ga mutanen da aka kira infoman 'yan bindiga da safe, yamma ba ta same su da rai ba, sai daga baya a ce ashe ba su ba ne. "Ni ba mutuwa ta fi damuna ba," in ji Dahiru. "Tare munka yi kiwon awaki da Lawali. In shi ya ga haka gare ni, to mi ya rage?"

Rukayya tana bayan ƙofa tana ji. Ta fito ta zube gabansa tana kuka, tana cewa, "Baba Dahiru, wallahi ba Baba ba ne, ni ce. Gwaji ne kawai, zan goge." Ya dube ta. Ya ce, "Ɗiyata, ki goge a ina?"

Washegari muka shiga mota zuwa Tsafe, ni da maigidana da Rukayya da kwamfutarta. Hanyar nan da Yaya ke bi duk mako yana gyangyaɗi, yanzu ba mai rufe ido a kanta, kowa bakinsa na motsi da addu'a. Mai unguwarsu Dahiru, dattijo ne da ya san mahaifinmu, ya tara mutane a zaurensa: limamin unguwa, 'yan kasuwa, da wasu daga cikin samarin da ke gadi. Muka zauna daga bakin ƙofa. Na yi bayani iya iyawata, na ga fuskokin ba su motsa ba. Sai mai unguwa ya ce a bar yarinya ta nuna abin da idonsu zai gani.

Ta ɗora kwamfutar a kan kujera ta juya ta wajensu. Ta nuna musu taswirar, ta ja Na-Allah daga bakin daji ta mayar da shi gareji, rubutun jarkoki ya ɓace, sai ga shi yana faci yana zolayar mai babur. Sannan ta nemi gafarar liman, ta sa yatsa a kan limamin cikin labarin, ta ja shi zuwa daji. Ta karanta abin da ya fito da ƙarfi. Na'urar ta rubuta yadda limamin yake fakewa da zuwa ta'aziyya ƙauye, yake kai sunayen masu hali a cikin aljihun rigarsa. Ya tsaru daidai da na farko, ba inda ya yi tuntuɓe.

Liman ya yi salati ya shafa fuska. Wani ya ƙyalƙyale da dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye. Mai unguwa ya ce, "To yarinya, wa ya yi ƙaryar, ke ko na'ura?" Ta ce, "Baba, ni na ja shi, ita ta rubuta." Ya girgiza kai ya ce, "Ku biyu kun taru kun kusa kashe mutum, kuma ba wanda ya yi niyya."

Na ɗauka magana ta ƙare. Sai wani saurayi daga baya ya ce, "A gafarce ni, amma na'ura ta fi mu sani. Ta karanta duk rubutun Malam. Ba mamaki ta hango wani abu a ciki da mu ba mu gani ba." Mutum biyu ko uku suka gyaɗa kai. A duk abin da na ji tun farkon lamarin nan, ba wanda ya tsorata ni kamar wannan magana. Yaron ba mugu ba ne, an kashe masa wa a gona. Yana neman wanda zai riƙe, kuma ya samu abin da yake ganin ba ya kuskure.

Liman ya yi bayani a masallaci, mai unguwa ya ce duk wanda ya taɓa Dahiru shi ya taɓa. Rukayya ta ɗauki kanta a bidiyo tana faɗin gaskiyar yadda aka yi, muka tura duk inda muka sani. Amma bidiyon gyara bai yi tafiyar da na farko ya yi ba. Mai unguwan da kansa ne ya kira Dahiru gefe ya ce ya ɗan ba garin baya har abin ya lafa, domin shi unguwa ɗaya yake iya tsarewa. Dahiru ya rufe gareji ya kwashi iyalinsa ya koma wajen surukansa a Bungudu.

Tun daga lokacin nake tambayar kaina abin da Yaya zai ce da yana raye. Zai yi mini sauƙi in ce zai tsine wa na'urar, amma na san ba haka ba ne. Mutum ne mai son sabon abu. Da ya ga manhajar nan, na tabbata sai an yi da gaske kafin a raba shi da ita, kuma da ya samu abokin aikin da bai taɓa samu ba, wanda ba ya gajiya da "to idan kuma aka yi kaza fa?" Abin da nake jin zai dame shi shi ne saurin. A da, tsakanin ya matsar da mutum da ya rubuta abin da mutumin ya aikata akwai kwanaki. A cikin kwanakin nan zai je kasuwa, ya haɗu da mai kama da mutumin, su gaisa, ya ga 'ya'yansa. Sau da yawa yakan dawo ya fasa. Yanzu kafin ka ɗauke yatsa an rubuta, an zana, an sa murya, kuma abin ya yi kyau har ka ji kana son wani ya gani. Ita na'urar ba ta san Tsafe ba. Ba ta san akwai Dahiru ba. An ba ta bakanike da daji, ta haɗa su yadda ya fi daɗin ji.

Ban ce a hana yaranmu wannan abu ba, ko na ce ma ba mai ji. Ina koyar da 'yan aji shida, kuma wasunsu sun fara ba ni labarin irin waɗannan manhajoji a wayoyin yayyensu. Abin da ke hana ni sukuni shi ne, Rukayya yarinya ce mai hankali da tsoron Allah, tana son Dahiru kamar uba, kuma ga abin da ya fito ta hannunta. Me zai fito ta hannun wanda yake da rigimar gona da maƙwabcinsa? A garin da mutane suke kwana da tsoro, ba a bukatar hujja mai yawa. Makon jiya wata tsohuwar abokiyar aikina ta turo mini bidiyon nan na farko, ba ta san ɗan'uwana ba ne, ta rubuta a ƙasa: Allah Ya jiƙan wannan malami mai faɗin gaskiya.

Kwanan baya muka je Bungudu ni da Rukayya. Ta daɗe ba ta buɗe wasan ba, ta ce ba za ta sake taɓa shi ba. Mun sami Dahiru a gindin wata bishiya a bakin titi, da 'yan kayan aikin da ya iya ɗebowa, yana kwance injin babur. Ya rame. Ya sa aka kawo mana ruwa, ya tambayi Rukayya ina wasan ya kwana. Ta sunkuyar da kai. Ya ce kada ta bar shi, aikin ubanta ne, kuma mutane suna bukatar a ba da labarin abin da ya same su. Sannan ya faɗi abin da ni ƙanwar Yaya ban taɓa sani ba.

"Duk shekarun da Lawali ya yi yana sa ni a rediyo," in ji shi, "bai taɓa kai takarda Gusau ba sai ya biyo gareji ya karanta min wurin da nike ciki. Ko ranar da ya sa na faɗa kwata da sabuwar riga, sai da ya tambaye ni. Na ce a'a, ya yi ta lallashi har na yarda. Haka yake yi wa mai ƙosai, haka yake yi wa kowa. Ke ma in kin ja mutum, ki ɗauko kwamfutarki ki zo ki nuna mai kafin duniya ta gani."

Rukayya ta ce ta ji. Ta koma kan wasan, kuma ta riga ta kai wa mai ƙosan nata ɓangaren, tsohuwar ta sa an cire wani zagi da ta ce ita ba ta yi. Wurin da Yaya ya tsaya kuwa, ta bar shi yadda ya bar shi.

Idan na auna abin da ya rage na Yaya Lawali bayan shekara bakwai, ba salon rubutunsa ba ne. Wannan na'ura ta kwaikwaye shi har ni da muka sha nono ɗaya na kusa ruɗewa. Abin da ya rage shi ne mutumin da yake ganin ko a cikin wasa ba shi da ikon yin yadda ya ga dama da maƙwabcinsa, har ya gwammace ya mutu da labari a hannu da ya jefa wani cikin haɗari. Ban sani ba ko wannan hali zai iya tafiya da saurin zamanin nan. Ina dai roƙon Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya raya abin da ya bari.

Da za mu taso daga Bungudu, matar Dahiru ta rako mu har bakin mota. Ta riƙe hannuna ta rage murya ta ce gonarsu tana Bilbis, ba a yi sharar ta ba, ga damina ta matso. Ta ce, "Malama, ke da kike jin labarin gari, yaushe za mu koma gida?" Direba yana ta kiran fasinja, ni kuma na tsaya riƙe da hannunta.